Sitiyarin Katako na Malam Adam

Da asuba na fito daga masallaci na tarar da Malam Adam zaune cikin motata, a kujerar fasinja, riƙe da sitiyari. Ba sitiyarin motar ba. Wani tsoho ne ya samo a wajen 'yan gwangwan, ya kafa shi a jikin katako ya ɗora a cinya. Ya maƙala masa sanda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace da ɗan ƙwan fitilarta.

"Kai Babarbare, uban me kake yi a motata?"

"Ina Malesiya," ya ce. "Shigo ka ja mu, Bafillace, rana za ta fito."

Shekara ashirin da bakwai ina jan mota daga Azare zuwa Kano. Na ji maganganu a tasha har kunnena ya gaji. Mutum bai burge ni sai na ga abin da hannunsa ya yi, kuma a lokacin ban ga abin da hannun Adam ya ƙarasa ba. Maƙwabcina ne, iyayensa daga Gaidam suka zo, yana gyaran waya da rediyo a bakin kasuwa. Adam Na'ura ake ce masa. Aljihunsa kullum a kumbure: waya biyu, fawa banki, ɗan abin auna wuta. Agogon hannunsa ma takun ƙafarsa yake ƙirgawa. Ya taɓa cewa zai haɗa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a Gadau. Har yau injin na bayan shagonsa, kaji na kwana a kai.

Matarsa Malama Kaltum koyarwa take yi a firamare kafin shanyewar ɓarin jiki ta same ta. Shekara huɗu ba ta fita ko'ina sai asibiti. 'Yarsu Hidaya tana Kuala Lumpur, inda mijinta Abdulrahim ke karatu. Da ta haihu, suka aiko cewa in ya kusa gama karatun iyayenta su je hutun wata guda, su ga jika, su ga gari. Malama ta ce ba za ta ba. Matata Adawiyya tana wurin, ita ta ba ni labari.

"Can ma ɗaki zan zauna," in ji Malama. "Mota ta surukina ce, shi zai tuƙa. Yana zaune yana kallo a cicciɓe ni kamar buhun gero, a shigar, a fitar? Gara ɗakina."

Adam ya ce, "Ni zan tuƙa ki. Daga ni sai ke. Har bakin teku zan kai ki."

Shekararsa hamsin da tara, bai taɓa jan abin da ya wuce babur ba. Sau biyu ya roƙe ni in koya masa, sau biyu na ce masa gobe. Shi ne ya zo da katakonsa.

Ya bayyana mini cewa a can hannun hagu ake bi, direba a dama yake zama, sandar sigina ma a dama take, ta waifa a hagu. Muka tafi wani fili a hanyar Gadau, ya jera duwatsu ya yi titi da shataletale. Rabin lokaci yana kujerata yana koyon tuƙi na gaske. Sauran rabin ya koma kujerar fasinja da katakonsa, ni in ja motar ta hagu, shi yana juya sitiyarin ƙarya yana kunna fitilunsa. Masu tafiya gona suka riƙa tsayawa suna kallon dattawa biyu da suka haukace.

Bai iya ba. Gaskiya ke nan. Motar ta mutu a hannunsa sau ba adadi, ya hau kan duwatsunsa, ya taɓa shiga gonar wake da baya. Na zage shi da Hausa, na ƙara da Fillanci. Sai ya ce, "Zagi bawanka ne, yi ta yi. Gobe ƙarfe nawa?" Wata takwas bai tsallake asuba ɗaya ba, har ranar da zazzaɓi ya sa haƙoransa ke haɗuwa. Ni ma na sha rasa layin farko a tasha saboda shi. Da ya samo lasisi, ya samo na ƙasashen waje, na fara sa shi ya ja ni cikin gari ranar kasuwa, tsakanin 'yan acaɓa da keke napep. Wanda ya fita daga nan lafiya ya fara zama direba.

Ranar tafiya ni na kai su filin jirgin Kano. Jaka guda cur ta na'urori ce. Kyamarar gaban mota, mariƙin waya, abin fassara magana, da wani soket mai kawuna bakwai. Daga baya ya gano soket ɗin Malesiya irin namu ne. Abu ɗaya na yaba: keken da ake tura Malama a kai. Ya sake masa maɗauri, da hannu ɗaya ake naɗe shi.

Bayan wata guda suka dawo. A majalisarmu ta ƙofar gida Adam ya cika mutane da labari: jirgin ƙasa marar direba, gini mai taɓa gajimare, mota shida a jere. Da aka watse ya jefa mini ɗan memori a aljihun riga.

"Na kyamarar mota ne. Ban yanke komai ba. Kai ai ba ka yarda da baki."

Washegari da hantsi ina jiran fasinja a tasha na saka shi a wayata.

Kyamarar gaba kawai take kallo, amma ana jin murya. Farko wurin ajiye motoci ne a ƙarƙashin bene. Can nesa ga wani saurayi tsaye ya juya wa motar baya, yana kallon bango. Abdulrahim ne. Ina jin nishin Adam, da Malama tana cewa a hankali, da ƙarar naɗe keke. Sai da ƙofa ta rufu saurayin ya yi magana, bai juyo ba.

"Baba, in biyo ku a baya?"

"Koma wajen matarka."

Suka fito titi. Kwanar farko, sai waifa ta hau sharar busasshen gilashi.

"Ruwa ake yi, Malam?" in ji Malama.

"Gwaji nake yi."

Wata takwas da katako, hannunsa ya koma inda motata ta saba masa. Na yi tsaki har wanda ke kusa da ni ya waiwayo.

Garin nan ba wasa ba ne. Gadar sama a kan gadar sama, har hawa uku. Taswirar wayarsa ba ta san a kan wace yake ba. Muryar cikinta ta ce ya juya, wurin kuwa katanga ce. Na ga wani dogon gini mai shuɗin gilashi ya wuce. Bayan minti ashirin ya sake wucewa. Ya kuma wucewa na uku. Babura na ratsawa ta kowane gefe, wata babbar mota ta danna masa hon har kyamarar ta girgiza. Daga nan muryar ta yi shiru. Rana ta gasa wayar a jikin gilashi, ta kashe kanta.

"Malam, mu koma," Malama ta ce. Muryarta ta yi nauyi, kamar yadda take yi in ta gaji. "Na ga gari. Ya isa. Ba wanda zai ce ba ka yi ƙoƙari ba."

Adam ya ci gaba da tuƙi minti biyar. Ya sa sigina, wannan karon daidai, ya shiga wani gidan mai ya tsaya. Na ji ya cire wayar ya ce bari ta sha sanyin mota. Na ji ƙarar takarda.

"Riƙe da hannun daman. Sunaye biyu ne. Seremban, sannan Port Dickson. Ni ba zan iya kallon titi in karanta allo ba. Ke ce malama. Karanta mini."

"Bakina ba ya sauri."

"Ni ma motata ba ta sauri."

Suka koma titi. Allon farko ya wuce kafin ta gama haɗa shi. Na biyu ta kama rabi. A na uku sai na ji muryar da yaran unguwarmu suka sani a aji.

"Seremban! Hagu, Malam. Hagu na ce! Ba ka ji ne?"

Ya bi hagu. Ginin shuɗin gilashi bai sake fitowa ba. Can wayar ta farfaɗo ta fara magana, Malama ta ce, "Rage mata murya, ta cika surutu kamar mai ita." Ya rage. Daga nan har ƙarshe ita ke faɗa, shi ke bi.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, suka yi ta a awa huɗu. Ya tsayar da motar tana fuskantar ruwan teku. Sai ga su sun shigo gaban kyamara, yana tura keken. Tayoyin suka nutse a yashi. Ya ja, ya tura, ya ƙi. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya sunkuya, ya ɗauke ta. Sau biyu ya tsaya yana hutawa da ita a hannu. Ya kai ta bakin ruwan ya zaunar, ya cire mata takalmi, ya kama ƙafar da ba ta motsi ya sa a ciki. Babu sauti daga nan. Na dai ga kafaɗarta tana rawa, ban sani ba ko dariya ce.

Motata ta cika tun tuni, fasinjoji na ta kirana. Sai da na mayar da wurin baya na sake kallo.

Ba na ba da aron mota. Ƙanena ma ya sani. Ranar Juma'a bayan la'asar na wanke ta, na ajiye a ƙofar gidansa, na aika Adawiyya ta gaya wa Malama ta shirya, 'yar'uwarta da ke Gadau ta daɗe ba ta gan ta ba. Adam ya fito na miƙa masa makulli.

"Ka goga mini ita, in sayar da kai, Babarbare."

"Wa zai saya a hannun Bafillace?"

Na juya baya na fuskanci katanga har na ji ƙofa ta rufu. Da na juyo, Malama na zaune a baya, Adam kuwa ya buɗe ƙofar dama ya zauna, hannunsa na laluben sitiyari a iska.

"Ka dawo Azare, Malam," in ji ta.

Ya fito ya zagaya ya shiga inda ya dace. Ya tayar, ya duba madubi, ya taɓa sanda, waifa ta share gilashi sau ɗaya. Ya kashe ta, ya kunna sigina, ya jira wani mai keke napep ya wuce, sannan ya hau titi ta hannun dama ya nufi Gadau.