Ƙullutun Kawu Ƙamus

Kawuna ya shekara talatin yana buga wasiƙu a ofis, ya yi ritaya da ciwon wuya da tulin Turanci, shi ya sa muke ce masa Ƙamus. A gidansa ba ka isa ka ce abu ƙarami ne ka wuce ba. Sai ya sauke tabarau ya tambaye ka wane irin ƙarami. Small, in ji shi, maganar girman jiki ce kawai. Minor ƙarami ne, amma ana kula shi. Petty na mai ƙaramar zuciya ne, irin maƙwabcinsa da ke ƙirga ganyen da iska ta jefa masa tsakar gida. Trivial kuwa ƙarshen raini ke nan, abin da ko waiwaye bai cancanta ba. Nan yake jefa ciwon kan matarsa da yoyon rufin kicin.

Bara wani ƙullutu ya fito masa a bayan kunne, bai kai ƙwayar wake ba. Ya shafa, ya ce tafiya ta zo. Ya tara mu a falo, ya yafe wa kowa, har waɗanda ba su yi masa komai ba, ya raba littattafansa. Ƙanwarsa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Washegari ni na kai shi asibiti.

Likita ta latsa wurin sau biyu, ta ce kitse ne kawai, ta jawo takarda ta rubuta trivial.

Na zaci zai yi hamdala. Sai na ga fuskarsa kamar wanda aka janye wa kujera a taro. Mutum goma sha ɗaya na gida suna jiran labari, ga matarsa ta san ma'anar kalmar sarai.

"'Yata," ya ce ƙasa-ƙasa, "ba za a iya mayar da shi minor ba?"

Ta tambaye shi bambancin. Ya gyara zama zai fara darasi, ta hango layin da ke waje, nan take ta soke ta rubuta abin da yake so. Ya ce to ai minor ba ya fita asibiti haka tsirara. Ta manna masa filasta.

Ya shiga gida a hankali, dafe da kafaɗata, ya sanar cewa an auna arziki amma sai an kiyaye. Matarsa ta leƙa bayan kunnen, ta ƙura mini ido. Ni dai na ce ƙishirwa nake ji, na yi kicin. Sati uku ya yi yana sabunta filastar da kansa, yana karɓar masu dubiya a kishingiɗe.