Jar Ciyawar Malam Elkana

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Malam Elkana ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar wata firamare da ke Mubi ta Kudu. Yakan shiga aji riƙe da dogon katako mai ramuka, kowane rami da gwangwanin tumatir, kowane gwangwani da fentin ruwa kala daban. Matarsa Alice ce ke jera masa su a gida, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa. Haka ya yi shekara talatin da 'yan kai yana koyar da zane, har ritaya ta iso bana.

Da baƙar tawada yake farawa. Sai ya zana zabo, ko kunkuru, ko rago mai murɗaɗɗen ƙaho, ya miƙa wa yaro buroshi ya ce, "Wace kala ka ga ta dace da shi?" Idan fentin ya bushe, sai a koma da alƙalami a cika jikin dabbar da ɗige-ɗige da ƙawanya da layuka masu kwana-kwana, irin na ƙwaryar amarya. A ajinsa an ga shuɗin jaki, an ga akuya ruwan ɗorawa, ba a taɓa jin ya ce wa yaro ya ɓata ba.

Lokacin da mutanen gari suka dawo daga gudun hijira, yara ba sa zana komai sai bindiga. Rukayyat, mai sayar da ƙosai a bakin makarantar, ta shaida yadda ya raba musu zanen kunkuru, ya ce bayansa gida ne mai ɗakuna da yawa, kowa ya cika kowane ɗaki da abin da ya baro yake kewa. 'Yarta da ta daina magana ta cika nata da kajin kakarta na ƙauyen Kwaja, kuma a kan kajin nan bakinta ya buɗe. Kai ne, Malam, wanda ya zauna kusa da yarinyar nan bai ce mata uffan ba har ta gama.

Hussaina, tsohuwar ɗalibarsa wadda za ta gaji ajin, ita ta shirya bikin sallama. Don ta girmama shi, sai ta ɗauki katakon nan lokacin da Malam yake ofishin hedimasta, ta wanke gwangwanayen, ta cika su da sabon fenti, ta mayar yadda hannunta ya kai. An roƙe shi ya yi zanen ƙarshe a gaban iyaye. Ya zana wani katafaren sa irin na kasuwar shanu, tawada na bin hannunsa kamar ta san hanya. Sannan ya tsoma buroshi a gwangwani na biyu ya ce bari ya ba bijimin ciyawar damina, kore shar.

Ja ce ta fito. Ja jawur, kamar an yi yanka a ƙarƙashin san.

Hussaina ta ɗauka wasa yake, ta jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ci gaba da shafawa a natse, yana yabon yadda ciyawar bakin mayo, wato kogi, ke sheƙi bayan ruwa. Wajen ya yi tsit, har ana jin ƙarar buroshi a kan takarda. Nan ta tuna duk shekarun da ya yi yana tambayarta wace kala ta gani. Ta dubi Alice, ta ga tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi. Mutumin da ya koya wa rabin unguwa kala, ashe ja da kore duk ɗaya ne a idonsa. Da jerin gwangwani yake gane su, ita kuwa ta hargitsa jerin da hannunta.

Shirun ne ya gaya masa. Ya ajiye buroshi ya juya wajen matarsa, ta gyaɗa kai. Alhaji Mato, shugaban iyayen yara, ya miƙe ya ce shi fa kansa ya ɗaure: makaho ya yi ta yi musu jagora, ba wanda ya sani? Wasu suka fara gunaguni cewa an yaudare su, wani ya ce a dakata da ba shi takardar yabo. Hussaina ta ga sunan da aka gina a rayuwa guda yana shirin zubewa saboda wanke-wankenta.

Malam Elkana bai musa ba. Ya ce haka aka haife shi, kuma da ya faɗa tun farko da ba a ba shi ajin ba. "Tsoro ne ya sa na fara tambayar yara," in ji shi. "Daga baya na ga abin da suke zaɓa ya fi wanda zan gaya musu."

Sai Gabdo, mai zanen jikin manyan motoci a tasha, ya taso da fenti har gwiwar hannu. "Alhaji, kai ma ajinsa ka yi, ka manta kunnenka da ya sha ja? To faɗa mana rana guda da Baba ya ce maka sa kala kaza." Aka dubi juna, kowa na lalube a ƙwaƙwalwarsa. Ba a samu ba. Malam bai taɓa koya wa kowa abin da bai gani ba.

Hussaina ta matso, ta ce, "Baba, ka yafe mini. Bari in kawo wata takarda." Ya ce a'a, 'yata, a ajin nan ba a yar da zane. Ya miƙa mata alƙalami. Ta durƙusa ta fara cika jar ciyawar da furanni da ɗige-ɗige. Gabdo ya karɓa, Rukayyat ta karɓa. Can Alhaji Mato ya tattare hannun babbar riga, ya yi wa san wasu karkatattun ƙawanya a tozo, ya koma ya zauna bai dubi kowa ba.

Har yau ina juya maganar nan. Shirun da ya yi a kan matsalar idonsa, ƙarya ce ko ba ƙarya ba? Wanda ya ɓoye rauninsa don ya samu aiki, sannan raunin ya zama alherin aikin, a wane ma'auni za a ɗora shi? Ban warware ba. Abin da na sani shi ne, da yawa masu cikakken ido sun shiga aji sun kashe wa yara nasu.

Kai ne, Malam Elkana, mai tawadar da ba ta gardama da yaro. Kai ne ka rasa kala biyu, ka bar wa Mubi ɗaruruwan masu ganin nasu. Mun gode maka, mun gode wa Mama Alice da ta yi ta jera gwangwani ba ta gaji ba. Allah ya ba ku hutu mai daɗi. Malaman da suka rage kuwa, in ba ku san abu ba, ku yi irin nasa: ku miƙa buroshi ku tambaya.

Zanen na nan rataye a ajin Hussaina. Idan sabon ɗalibi ya ce ai ciyawa ba ja ba ce, sai ta ba shi takarda ta ce, "To, kai wace kala ka gani?"