Makeron da Sista ta gani a kan Auta

Duk layinsu Mai Kitso ake ce mata, har surukarta ma haka take kiranta. Tun tana budurwa take zaune a ƙofar ɗaki, kan wata a tsakanin gwiwoyinta, tsinke a baki, kwalbar mai a gefe. Da hannun nan take ciyar da 'ya'ya huɗu tun da ciwon baya ya sauke mijinta daga tuƙin mota. Ka zage ta, ta yi dariya. Amma ka taɓa mata sana'a, to ka shirya, don ba ta mantuwa.

Ranar awo ta yi wa Auta wanka, yarinya 'yar shekara biyu mai ƙiriniya, ta sa mata hula ta goya ta sai asibitin yara. Ba ciwo ya kai su ba, dubawa ce kawai da aka saba. Ɗakin jira ya cika, dogayen benci, fanka ɗaya tana ƙara ba iska, yara na tsala kuka. Rabin matan da ke zaune kuwa kitsonta ne a ƙarƙashin ɗankwalinsu. Hatta Sista mai ɗora yara a sikeli ta yi shekaru tana zuwa mata.

Da layi ya zo kansu, Sista ta cire wa Auta hula za ta auna kai. Sai ga wani ɗan fili a saman kunne, babu gashi ko ɗaya.

"Innalillahi! Mai Kitso, makero ne fa a kan 'yarki!" Da ƙarfi ta faɗa, kamar mai talla. "Kuma da tsinken nan kike bin kawunan mutane? Lallai mun ga ta kanmu!"

Aka yi dariya, amma Mai Kitso ta ga hannaye suna ta lallaɓawa ƙarƙashin ɗankwali ana susa.

A ciki, likita ya rufe ƙofa, ya haska kan, ya tambaya ko yarinyar na jan gashinta in za ta yi barci.

"Kullum, likita. Yatsa a baki, hannu a ka."

"To shi ne. Ba makero ba ne, zai fito. Nauyinta ma daidai, lafiyarta ƙalau."

Kun ji fa. Sharri a gaban jama'a da murya kamar lasifika, wanke mutum kuma a bayan ƙofa, a hankali. Mai Kitso ta fito ta tsaya a gaban sikeli.

"Sista, likita ya ce ba shi ba ne. Ki gaya musu."

"Haba baiwar Allah, ba ki ga layi ba? Matsa. Mai bi mata!"

Kafin mako ya zagayo tabarmar ƙofar ɗaki ta zama wurin kwanan kyanwa. Wannan ta ce ta yi baƙi, waccan ta ce kanta ke ciwo, sai a hango su suna fitowa daga gidan wata yarinya a bayan layi da kitso karkatacce. Wata da ta daure ta zo, da tsinkenta da matajinta ta taho a leda. Mijin Mai Kitso ya ce ta bar wa Allah, ta ce ta bari, amma ita ma za ta ɗan taya.

Sai ga Sista ranar hutunta, ko kunya babu, ta zauna ta zare ɗankwali. Ba ta da wurin zuwa ne. Sanƙo ne da ita a tsakar ka, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, Mai Kitso kaɗai ta san da shi, ita ke jawo gashi daga gefe ta lulluɓe shi, ba ta taɓa faɗa wa ko mijinta ba.

Ta tsefe mata tas, ta taje, fili ya fito sarai. Sannan ta goge hannu ta rufe kwalbar mai.

"Tashi, Sista."

"Ban gane ba."

"Ai tsinkena makero gare shi. Ki je bayan layi, yarinyar tana da hannu, bakinta ne dai ba ya rufuwa."

Sista ta rage murya. "Don Allah 'yar uwa, kar ki tona min asiri."

"Ni? Tonon asirin kai a gaban mutane ai aikinku ne. Ba zan faɗa wa kowa ba, ba kuma zan taɓa kan nan ba sai kin tsaya inda kika tsaya kin janye maganarki."

Sista ta yi ta zuwa aiki da ɗankwali ƙarƙashin farar hula, tana gumi. Ranar awo ta gaba Mai Kitso ta zo da Auta ta zauna a bencin gaba, alhali ba ranarsu ba ce. Sista ta yi gyaran murya ta ce wancan karon kuskure ta yi, ba makero ba ne.

"Na baya ba su ji ba," in ji Mai Kitso. "Ranar har mai gadi ya ji."

Ta sake, da ƙarfi, har yaran suka yi tsit.

Da yamma mata uku ke kan tabarma suna ta rantsuwar su dama ba su yarda ba. Sista ce ta huɗu, kuma sai da ta bi layi. An rufe mata sanƙonta kamar kullum, ba wadda ta gani. Sai dai Mai Kitso ta ja kitson nan ja na gaske, har washegari uwayen da suka kai awo suka yi ta mamakin yadda Sista ke kallonsu da gira a sama, ta kasa ɗaure fuska.