Kunun da Na Kai wa Baba Gona

Daga jikina abin ya faro. Da na gama sakandare na zauna a gida, babu tafiyar ƙafa zuwa makaranta safe da yamma, sai na fara ƙiba. Gwaggo, yayar Baba da take zaune a sashen bayan namu, ba ta raga mini. Duk sanda na sunkuya zan shiga ɗakinta sai ta ce, "A hankali dai 'yar nan, kar ki tafi mini da ƙyauren." Ina dariya, amma abin yana ci na a rai.

Wata ƙawata da take karatu a Bici ce ta nuna mini wasu 'yan ƙwayoyi farare a ƙaramar roba, a kemis ake sayar da su. Ta ce guda biyu sun ishi kofin shayi, zaƙi kamar suga, amma jiki ba ya ɗaukar komai daga ciki. Na sayo. Na daina taɓa suga.

A daminar wannan shekarar aka gano Baba yana da ciwon suga. Nas ta ba shi magani, ta ce ya rage zaƙi, kada ya sha maganin ya zauna da yunwa. Ta kuma ce idan ya ji jiki yana rawa, zufa tana karyo masa, kai yana juyawa, to suga ne ya sauka da yawa, a yi maza a ba shi abu mai zaƙi. Wannan ta ƙarshen ita Baba ya riƙe. Kowa sai da ya faɗa wa, har a ƙofar masallaci. "Kun ji, likita da bakinta ta ce zaƙi magani ne."

Magani yana sha, ba ya fashi. Kunun zaƙin da ake kai masa gona ne ya ce ba mai raba shi da shi. Rannan na kawo masa robar.

"Baba, ga wannan. Zaƙi ne, amma ba ya tayar da ciwon."

Ya juya ta a tafin hannunsa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, wannan abin mai kama da maganin ɓera za ki zuba mini a kunu? Suga dai na san daga rake yake. Wannan a gonar wa aka shuka shi?"

"Baba, masu ciwon da yawa shi suke sha."

"To Allah ya ba su lafiya. Ni a sa mini cokali uku."

Ni nake dama kunun gidanmu. Sai na riƙa ɗibar na Baba a jarka tun kafin in zuba suga a tukunya, in jefa ƙwayoyin a ciki, in girgiza. Har tsinka shi nake yi da ruwa, don na ji an ce gero ma yana hawar da ciwon. Ban faɗa wa Inna ba, ban faɗa wa kowa ba. Sau ɗaya ya ce kunun yana bar masa ɗan ɗaci a maƙogwaro, na ce kanumfari ne ya yi yawa. Kusan mako uku muka yi a haka. A lokacin gani nake na yi dabara, ni ce mai ilimin gidan, ina ceton Baba bai sani ba.

Ranar da abin ya faru ana cirar gyaɗa. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tauri, kowa yana sauri. Daga baya na ji cewa Baba ya sha maganinsa, ya yi loma biyu na ɗumame ya ɗauki fartanya. Da hantsi ya take na ɗauki jarka na nufi gona. Ba nisa, bayan gari ne, gonaki manne da juna, kana jin tarin maƙwabcinka.

Tun daga nesa na hango ba lafiya ba. Baba yana zaune a kan kunya, rigarsa jage-jage da zufa. Dattijon da gonarsa take haɗe da tamu ya tallabe shi ta baya. Gwaggo, da ta zo tsinkar gyaɗa, tana yi masa fifita da gefen mayafi. Hannun Baba yana karkarwa, yana ta kiran dattijon da sunan ƙanensa da ya rasu tun ban yi wayo ba.

"Yauwa, Allah ya kawo ki!" in ji Gwaggo. Ta fizge jarkar, ta tsiyaya a murfi, ta ɗanɗana. "Alhamdulillahi, zaƙi kamar zuma. Sha, ɗan'uwana, sha."

Ya haɗiye. Ta ƙara masa. Ta sake ƙarawa.

"Shi ke nan," in ji dattijon. "Yanzu zai warware. Ai shi ya faɗa mana da bakinsa."

Ina tsaye a kansu. Na san babu ko ƙwayar suga a jarkar nan. Na san shi tun sanda Gwaggo ta kai murfin bakinta. Ban manta ba, ban ruɗe ba. Bakina ne ya yi nauyi. Na ce a raina ai akwai gero a ciki, wataƙila ya isa. Na ce bari in ɗan jira, in ya tashi ba sai kowa ya ji ba. Na tuna yadda za a riƙa ba da labarina a gari: ita ce wadda take zuba wa ubanta ƙwaya a kunu a ɓoye. Wannan nake tunani, Baba yana zamewa daga hannun dattijon.

Kansa ya langaɓe. Idonsa a buɗe, amma ba mu yake kallo ba. Gwaggo ta ɗauki salati.

"Malam, wannan ba ciwon suga ba ne. Ga zaƙi an ba shi har murfi huɗu. Ko wani abu ya taka?"

Dattijon ya fara tofa masa addu'a a ka. Ya ce a kwantar da shi a inuwa, shi zai je ya kirawo liman. Ya miƙe yana kakkaɓe wando.

Sai a nan muryata ta fito.

"Gwaggo, babu suga a ciki."

"Me kika ce?"

"Ba suga ba ne. Ƙwayata ce na sa. Ba ta da komai."

Ba ta zage ni ba. Ko kallona ba ta yi ba. Ta kwance haɓar zaninta, inda take ƙulle 'yar mazarƙwailar da take tsotsa idan tana aiki. Ta gutsura, ta murmushe ta da yatsu, ta buɗe bakin Baba tana goga masa a dasashi da cikin kumatu. Dattijon ya ruga neman babur. Ni na durƙusa na riƙe ƙafar Baba. Sanyi ƙalau, ga rana tana dukan mu.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga maƙogwaronsa ya motsa. Can ya lumshe ido ya buɗe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya kuka taru a kaina? Wa zai tsinke gyaɗar?"

Gwaggo ta fashe da kuka, tana dukan kafaɗarsa.

A asibitin Bici nas ta ce ƙwayar ba guba ba ce, masu ciwon suna amfani da ita. Amma an auna wa Baba magani ne yana shan sugansa, ni kuma na janye sugan ba wanda ya sani, ga yunwa, ga aikin fartanya. Ta rage masa maganin. Ta ce da an ƙara jinkiri, da ba wannan maganar ake ba.

Baba bai yi mini faɗa ba. Yanzu da saninsa yake jefa ƙwaya ɗaya a kunu, yana yatsine fuska, ga mazarƙwaila a aljihu duk inda za shi. Gwaggo kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ce, "Allah ne ya sa yarinyar ta tuna." Haka kowa ya ɗauka, har Inna. Wai na tuna.

Shekaranjiya na same shi a zaure yana gyaran buhuna. Na zauna daga gefe, na ce, "Baba, ranar nan a gona, ba mantawa na yi ba. Ina sane na yi shiru."

Ya ci gaba da ɗinki. Allurar tana shiga tana fita.

"Har yaushe?" ya ce.

"Har murfi huɗu."

Ya ja zaren ya tsinke shi da haƙori. Ya ce in miƙo masa wancan buhun. Na miƙa masa, ya karɓa. Ya ɗora shi a cinya ya sa allura, ni kuma ban tashi ba.