Rakiyar Bindigar Baba Bitrus

Fallowfield, kafin gari ya waye

Na idar da sallar asuba ke nan Yaya Yakubu ya tsayar da tasinsa a ƙofar gidan da muke haya a Fallowfield. Bai danna hon ba, fitila kawai ya walƙa, don maƙwabtanmu ba su da haƙurin hayaniya. Watan Nuwamba ne, sanyi har cikin ƙashi. Na laluba aljihuna na tabbatar katin aikina na gida yana nan, sannan na shiga.

Yakubu ɗan Baba Bitrus ne, aminin marigayi mahaifina tun suna yara a Zuru. Baba ya zo Ingila yana saurayi, ya yi aikin masana'anta har ya yi ritaya, yana zaune a Erdington cikin Birmingham. Ran Alhamis ya kira ni a waya.

"Sanusi, kai ma'aikacin gwamnati ne a gida, ko?"

"E, Baba, malamin kwaleji ne. Hutun karatu nake yi."

"To kai nake nema. Ka zo ran Asabar da katinka, za ka tsaya mini beli."

Abin da ya faru shi ne, Baba yana da bindigar toka ta mahaifinsa, maharbin da har yau tsofaffin garinmu ke labarinsa. Ya kawo ta ƙasar nan cikin akwatin ƙarfe ta jirgin ruwa, tun ba a binciken kaya irin na yanzu, kuma ba ta da takarda ko ɗaya. 'Yan sanda sun ba da sanarwa cewa duk mai bindiga ba da izini ba ya kawo ta cikin 'yan kwanakin nan, ba za a tuhume shi da ajiye ta ba. Baba ya yarda zai kai, amma bai yarda zai kwana gida ba. Ni ma ban yarda ba. Daren Juma'a tunanin bizata ya hana ni barcin kirki.

Kan babbar hanya

Daga Manchester zuwa Birmingham mil tamanin ne da wani abu, kuma wallahi ba mu ga shinge ko ɗaya ba. Ba durom, ba itace mai ƙusoshi, ba mai tocila yana leƙen but ɗin mota. Ni da na saba cire hula in shirya murmushi kowane 'yan kilomita, sai na rasa yadda zan yi da fuskata. Shekarata biyu a ƙasar, amma abin bai daina ba ni mamaki ba, balle a ranar da bindiga ce ta tashe mu.

Yakubu kuwa tun daga Gorton, inda yake zaune, ya taho da fushinsa.

"Ka gani, Malam, gwamnati ta yi cutting komai. Police sun ragu, council ta rufe youth club ɗin unguwarmu, yara suna yawo a titi. Sau biyu aka sa min wuƙa a wuya a motar nan. Na kira police, sai crime number suka ba ni. Kuma a ce mutumin kirki ba shi da right ya kare gidansa?"

"Yaya, bindigar toka ce fa. Kafin ka ɗura ta ɓarawon ya kai Liverpool."

Bai yi dariya ba. "Ba maganar harbi ba ce. Ta kakana ce."

Mun tsaya a wani masaukin matafiya muka sha shayi, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye daga nesa, tsada kuwa ba a magana.

Erdington

Mun iso hantsi bai gama fitowa ba, ana buɗe shagunan babban titi. Yaya Rifkatu, babbar 'yar Baba, ita ta buɗe mana ƙofa, ko kayan aikin jinya ba ta cire ba. Ta ajiye mana ƙosai da kunu mai zafi, na sha har na manta abin da ya kawo ni.

Jakar da ke bakin ƙofa ce ta tuna mini. Baba ya zuba maganin hawan jininsa, da Littafi Mai Tsarki, da bargo, da sabulu. Ya sa riguna biyu, ya cire bel da igiyar takalmi da kansa, wai kada wani yaro ɗan sanda ya ba shi umarni. Da sassafe ma ya shiga gidan maƙwabcinsa ya bar masa amanar shukokinsa.

"Baba, na kira police fa," in ji Rifkatu. "Sun ce mu naɗe ta, mu kawo front desk. That's all."

"Rifkatu, haka suke cewa. Ni na taɓa ganin wanda ya shiga caji ofis da bindiga ya fito ranar?"

Yakubu ya ga dama ta samu, ya ce to a bar bindigar mana, wa ya san da ita? Rifkatu ta juyo, ba ta ɗaga murya ba.

"Ina night shift aka kawo ɗan Mrs ɗin can ta ƙarshen layi asibiti, an harbe shi. Ni na yanke rigarsa da almakashi. Tsohuwar bindiga ce irin ta ado, aka sato aka gyara. Uwarsa tana gaishe da Baba kullum a bus stop. In aka fasa gidan nan gobe, kai za ka je ka kalli idonta?"

"Sai masu gaskiya su miƙa tasu, criminals su riƙe tasu?"

"Daga gidan masu gaskiya suke samu."

Suka yi ta yi. Ni dai kowannensu na ga gaskiyarsa. A gida na san ƙauyukan da bindigar toka ce kaɗai ta sa suka kwana da shanunsu, na kuma san inda ita ce ta jawo aka ƙone gari.

Baba ya miƙe. Ya hau sama, ya sauko da bindigar a hannu biyu. Doguwa ce, ta kusa kai ƙirjina. Ƙotarta ta yi baƙi tana sheƙi saboda gumin hannu, an ɗaure ta da jar fata da layu uku. Tun ina yaro nake jin ita ta kashe kurar da ta addabi unguwarmu, ban taɓa zaton a Birmingham zan gan ta ba. 

Ofishin 'yan sanda

Muka naɗe ta cikin tsohon bargo muka sa a but. Baba ya zauna gaba da jakarsa a cinya, yana ta kallon titi kamar mai sallama da shi. Ni kuwa hannuna yana kan katina, ina maimaita Turancin da zan yi.

'Yar sanda muka tarar a teburin karɓar baƙi, mai furfura kaɗan, ba ko bindiga a ƙugunta. Baba ya ɗora bargon ya buɗe, ya juya mata ƙota, bakin yana kallon ƙirjinsa, yadda maharba ke miƙa wa juna. Sannan ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa gaba, yana jiran ankwa.

Matar ta kalli hannuwan, ta kalli Rifkatu. Da ta gane, sai ta kama hannun damansa ta gaisa da shi.

"Thank you, sir," ta ce. Ta tambaya ko ta wace ce. Baba ya ce ta mahaifinsa. Ta kira wani jami'i ya duba ko da harsashi, ya ɗauke ta a hankali kamar jariri. Na matso da katina, ta yi murmushi ta ce ba ta buƙata. Har layun ta tambaya ko yana son a kwance masa. Baba ya ce a bar su, tare suka zo.

"Me za a yi da ita?" in ji Yakubu.

Ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, yawanci yankawa ake yi a narkar.

Shayin da Rifkatu ta bari a mota bai huce ba muka fito. Na tsaya a bakin titi ina juya abin a raina: hukuma ta karɓi bindiga, ta ce an gode, ta bar mutum ya tafi. Ban taɓa jin girman wata ƙasa a zuciyata kamar ranar ba.

Baba ne ya kasa shiga mota. Ya dafa ƙofa, hawaye yana bin gemunsa.

"Na shirya wa kurkuku, ɗana. Da sun rufe ni ko kwana ɗaya, da na ce na biya wani abu a kanta. Haka kawai na bayar da ita, aka ce mini thank you."

Yakubu ya rungume shi ta dama, Rifkatu ta hagu, ba wanda ya ƙara maganar wa ke da gaskiya.

Komawa

Bayan la'asar muka kamo hanya. Yakubu bai kunna rediyo ba har muka ga fitilun Manchester. Ya sauke ni a Fallowfield ana shirin isha. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Yaya Yakubu da tuƙi da Yaya Rifkatu da karamci.

Na kira Baba in ce mun sauka. Ya sa mini albarka, sannan ya ce:

"Sanusi, in ka je Zuru za su tambaye ka bindigar. Ka faɗa musu ba ƙwace ta aka yi ba. Ni na kai ta da ƙafata."