Mai Ƙwai da Lanƙwasasshen Rim

A unguwarsu kowa Mai Ƙwai yake ce mata, har ’ya’yanta in an tambaye su ’ya’yan wa ne, haka suke faɗa. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, amma in ta ce za ta yi abu, to a ba ta hanya kawai. Tun tana amarya take sarin ƙwai a gonakin kaji na bayan gari tana rarraba wa masu shaguna. A da mijinta ne ke tuƙa tsohuwar motarsu mai buɗaɗɗen baya. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannun dama ya daina aiki, sai motar ta zauna a ƙofar gida har awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana.

Wan mijin ya zo ya ce a sayar da ita a huta.

“Yaya, in an sayar, ƙwan a ka zan riƙa ɗaukowa?” ta tambaye shi.

Ta koyi tuƙi a wani filin ƙwallo, ta yi lasisi, ta ci gaba da sana’arta. Shi kuwa maigidan, tun da ya dawo daga asibiti ya shige ɗaki. Yana iya takawa da sanda, amma ba ya son a gan shi yana jan ƙafa. Daga shi sai rediyo.

Wata safiya bayan an sha ruwan sama, tana dawowa daga gona da kaya cike, ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ji kake ƙwam! Sitiyari ya kama rawa a hannunta. Da ta sauka ta duba, sai ta ga bakin rim ɗin gaba, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ya lotse ciki kamar bakin tsohuwar tukunya, iska na fita tana huci. Ta ɗaure zaninta tamau, ta ɗaga motar da jak, ta ɗaura tayar safaya wadda ta suɗe kamar tafin hannu, ta lallaɓa ta sauke wa mutane kayansu. Daga nan ta wuce wurin mai faci.

Mai faci ya juya tayar, ya girgiza kai.

“Hajiya, tayarki lafiya lau. Rim ne ya tafi. Kuma irin motar nan, ina jin ta girme ni, an daina kawo kayanta.”

Ta zaga wurin masu tsofaffin kayan mota kaf. Wanda aka ɗauko ya yi girma, wanda ya yi daidai kuma ramukan notinsa ba su hau ba. Safayar nan kuwa ba za ta jure hanyar gona ba. Sai ta koma ta ce wa mai faci ya zare mata tayar, ta jefa rim ɗin a bayan mota ta kawo gida.

A tsakar gida ta ajiye shi, ta ɗauko gudumar mijinta daga akwatin kayan aiki, ta shiga jibga. Ƙarfen sai tsalle yake yana ƙara, lanƙwasar ko gezau. Can sai ta ji murya daga ɗaki.

“Wa ke kashe ƙarfe haka?”

“Ni ce, Malam.”

“Ai na ji. Ba haka ake yi ba.”

“To fito ka nuna min yadda ake yi.”

Ta ci gaba da duka, da gangan ma ta ƙara ƙarfi. Sai ga labule ya motsa, ga sanda, ga maigida yana jan ƙafa, fuska a murtuke. Ta tura masa kujera ba tare da ta dube shi ba, don kar kunya ta mayar da shi ciki.

Ya ce ta hura gawayi ta ɗora wurin da ya lotse har ya yi zafi. Ya sa ta kwantar da rim ɗin a kan wani guntun katako, ta ɗora wani ƙarfe mai faɗin baki a cikin lanƙwasar, ta riƙa bugunsa daga ciki zuwa waje. Shi kuma ya danne ɗaya gefen da ƙafarsa mai lafiya.

“A hankali, baiwar Allah. Ba kan wana kike duka ba.”

Dariya ta ƙwace mata har guduma ta kusa faɗuwa. Rabon da ta ji ya yi wasa, ta manta.

Haka suka yini. Ta buga, su jira ya huce, ya shafa bakin da hannun hagu, ya ce saura. Tafin hannunta ya yi bororo. Da yamma ta kai wa mai faci, ya mayar da taya ya ba ta iska, ya shafa ruwan sabulu a gefen. Kumfa ta taso ɓul-ɓul.

“Na faɗa miki, Hajiya. Ki haƙura.”

“Zare min,” ta ce.

Washegari ta naɗe hannunta da tsumma, suka sake zama. Wannan karon maigidan ne ya riga ta fitowa, har ya sa an hura wuta. Ya gano wani ɗan tudu da bugun jiya ya tayar a gefe, suka bi shi kaɗan-kaɗan har ya kwanta. Da aka sake shafa ruwan sabulu, mai faci ya tsuguna ya zuba ido, ya jira, ya ƙara shafawa. Ko ɗigon kumfa babu.

“To, in kin gaji da ƙwai, ga wurin aiki nan,” ya ce yana dariya.

Rim ɗin bai koma sabo ba, ita ma ta sani. Maigidan ya ce a mayar da shi baya, mai lafiyar ya dawo gaba, kuma kar ta daina neman wani. Ya kuma dage sai an gwada motar shi ma yana ciki, wai shi ba ya yarda da labari. Ta kama shi ya hau, ta sa sandarsa a bayan kujera. Maƙwabta suka leƙo suna ta yi masa sannu da fitowa, shi kuwa ya karkata kunne wajen taga yana sauraren tayar baya.

“Ɗan ƙara wuta mu ji,” ya ce.

Ta sa giya, suka hau babban titi.