Maƙogwarona da Gobara

A ƙauyenmu, can gefen Kurugu, in gobara ta tashi ni ake fara ji. Allah bai ba ni karatu ba, amma ya ba ni maƙogwaro. In na hau turmi na kwarma "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!", har masu kiwo a fadama sai sun sheƙo. Maza da ɗanyen ganye, mata da tuluna, kafin wuta ta cinye danga an murƙushe ta. Marigayi maigidana yakan ce shi kakaki ya auro.

Bara bayan girbi, tartsatsin murhuna ya kama jinkar rumbu. Da hantsi ne, ranar kasuwar Rogo. Na hau turmin nan dai, na buɗe baki. Abin da ya fito, ko akuya bai razana ba. Na sake, na kuma sakewa. Samari sun tafi birni neman abinci, ragowar mutane suna kasuwa. Na watsa ruwan randa har ya ƙare, sannan na zauna ina kallon dawata tana ci.

Autata ta zo jaje daga Kano. Ta nuna mini wani abu a waya: ɗan jirgi marar matuƙi, bai fi faifai ba, ya tsaya a saman wuta yana sakar mata gurnani. Wutar ta kwanta, ba ruwa, ba ƙasa.

Ta ce, "Inna, kin gani? Yanzu da ƙara ake kashe wuta."

Na ce, "Yanzu? Tun ba a haifi uban wanda ya ƙera shi ba nake wannan aikin."

"Ke mutane kike kira, Inna. To ina mutanen? Ki haɗa kayanki mu tafi."

"In bar wa gara ɗakin ubanki? Shi jirgin naku yaushe zai iso nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Allah masani."

Ban bi ta ba. Na sa maƙeri ya rataya mini tsohuwar garma a darbejiyar ƙofar gida, tunda murya ta gudu ta bar ni. Rannan bayan la'asar na ɗauki taɓarya na doka mata, don kawai in ga wa zai zo. Ƙarar ta tafi har fadama. Na gyara kallabina, na tanadi abin da zan ce wa wanda ya fara shigowa. Na tsaya a wurin har kaji suka shiga akurki.